Sai da Na Bari Ya Kai Ɗakin Ƙarshe

Ina aji uku na sakandare lokacin da yayana da ke aiki a Kaduna ya zo gida Samaru da wata 'yar na'urar gem ta hannu. Ya ce ya gaji da ita, in riƙe. Girmanta bai wuce sabulun wanki ba. Batir take ci, gilashinta kuma ba shi da hasken kansa, sai mutum ya zauna inda rana ke faɗawa kafin ya ga komai. Kaset ɗaya ne a cikinta.

A lokacin akwai wani babban gem na gudu da tsalle da faɗa, wanda samarin unguwarmu ke bugawa a talabijin a wani shago bayan gidajen ɗalibai. Nawa reshensa ne. Wata 'yar halitta mai gajerun ƙafafu, wadda a babban gem ɗin bin jarumin kawai take yi a baya, ita aka ware aka yi wa nata wasan. Ba ta faɗa da kowa. A kowane ɗaki akwai makulli a gefe guda, ƙofa a wani gefen. Sai ta tura akwatuna ta taka ta hau, ta danne wani dutse gada ta miƙe, har ta kai makullin bakin ƙofa. In ka tura akwati ɗaya inda bai dace ba, ka toshe wa kanka hanya, sai ka sake ɗakin. Samari sun leƙa sun ce gem ɗin mata ne. Ban damu ba, don hakan ya sa ba mai roƙona.

Babanmu malamin makaranta ne, Mama kuma tana sayar wa ɗalibai abinci a ƙofar gida. Ni ke wanke kwanuka. In na gama, sai in zauna bayan tankin ruwa, hannuna na warin sabulu, in kunna. Akwai ɗakin da ya riƙe ni har na riƙa ganin akwatunansa ina tsaye a layin kwaya a coci, bakina na waƙa, kaina na tura akwati. Kaset ɗin yana ajiye inda mutum ya tsaya, amma gurbin ajiyar ɗaya ne tak. Wanda ya fara sabon wasa ya share na baya. Daga ƙarshen damina zuwa zafin bazara na haura har ina hango ƙarshe.

Ranar Ista muka tafi Sabon Gari gidan Goggo, ƙanwar Baba, kamar yadda muka saba. Tana da ɗa sa'ana. Tun muna ƙanana yake tsokanata, manya na dariya suna cewa ai taubasai ne. Ya ga gem ɗin a hannuna ya ce in ba shi ya fara nasa.

Na ce, "Buga daga inda nake. In ka fara sabo, nawa zai goge."

"Ni ba na cin saura."

"To bar shi."

Aka kira ni kicin in jajjaga attaruhu. Na sa na'urar a jakata, na rataye a bayan ƙofa. Da na dawo, yana kwance a doguwar kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, 'yar halittar tana tsaye a ɗakin farko, wanda ko ƙaramin yaro zai wuce.

Na ce, "Me ka yi?"

Bai ɗago ba. "Sai da ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa na tabbata."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na kai ƙara wajen Goggo, ta yi dariya tana juya shinkafa. "Taubashinki ne fa, wasa ne. Ki sake bugawa mana, ai ba cinyewa ya yi ba." Mama ta mintsine ni a damtse don kar in ƙara magana a gidan mutane. Shi kuwa ya ci abincinsa har da ƙari.

Bayan kwanaki na roƙi Mama ta tafi da ni kasuwar Sabon Gari. Yayin da take cinikin manja na zame zuwa rumfar wani Ibo mai sayar da kaset-kaset da rediyo. Ya juya kaset ɗin, ya hura cikinsa, ya kunna, sannan ya girgiza kai. Da Hausarsa mai gauraye da Turancin kasuwa ya ce, "'Yata, wanda ya tafi ya tafi. Ko wanda ya ƙera shi ba zai dawo da shi ba." Muka hau bas muka koma Samaru. Na sa na'urar a ƙarƙashin kayana. Ko kallonta ba na son yi.

Ashe gem ɗin ya kama ɗan Goggo. Ya dami babansa har aka saya masa irin na'urar da irin kaset ɗin. A wannan shekarar ne kuma aka fara turo shi Samaru duk Asabar, Baba yana yi masa darasin lissafi. Wata Asabar bayan darasi ya same ni ina wanke-wanke, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ɗakin nan mai gada biyu, yaya kika wuce shi?"

Har na buɗe baki zan kore shi. Sai na dubi gilashin na'urar da ke hannunsa, na ga bai yi nisa ba. Abin da ya tara bai kai a ji zafin rasa shi ba. A nan, hannuna cikin kumfa, na san abin da zan yi.

Na ce, "Akwatin hagu za ka fara turawa, amma kar ka kai shi bango."

Daga ranar na zama malamarsa. Ban taɓa karɓa na buga masa ko ɗaki ɗaya ba. Sai in ba shi rabin amsa, in bar shi ya sha wahalar sauran. So nake guminsa ya shiga ciki, ya hana kansa ƙwallo, ya sha faɗan Goggo kan batir ɗin tocilarta da yake kwashewa. In ya wuce wani ɗaki mai wuya, yakan zo da gudu ya nuna mini, ni kuma in yaba masa. Har ya fara kawo mini gyaɗa. Ina karɓa in ci. Mama ta ce wa Baba ta ji daɗi yaran nan sun shirya.

Ya wuce inda na tsaya a da. Daga nan ba ni da amsar ba shi, amma ya riga ya iya, yana ta haurawa shi kaɗai. Asabar ɗin da ta zo kafin Kirsimeti ya gaya mini ya shiga ɗakin ƙarshe. Ya ce ya gano hanyar, amma ya ajiye sai ranar biki, ya ƙarasa a gaban abokansa su ga abin da ke bayan ƙofar.

Na ce, "Ka kyauta. Ni ma ina so in gani."

Ranar Kirsimeti bayan sujada gidan Goggo ya cika. Abokansa na zaune a baranda suna jira. Ya ajiye na'urar kan talabijin, saboda Goggo ta ce ba wanda zai taɓa wasa sai an raba abinci. Ta aike shi ya ɗauko babbar tukunyar miyar kaji daga murhun bayan gida. Na jira har na ji takunsa a lungu. Na ɗauki na'urar, na kunna, na tsaya a bakin ƙofar falo.

Ya taho a hankali, hannayensa biyu riƙe da kunnuwan tukunyar da tsumma, tururi na dukan fuskarsa. Na juya masa gilashin yadda zai gani sosai. Na zaɓi sabon wasa. Tambayar ta fito.

Ya tsaya cik. Ba inda zai dire tukunyar, lungun ƙunci ne, miyar kuma ta bikin uwarsa ce. Ya ce a hankali, "Don Allah kar ki yi."

Na ce, "Yana tambaya ko na tabbata."

Na danna. 'Yar halittar ta bayyana a ɗakin farko, tana jira. Na mayar da na'urar kan talabijin, na matsa masa ya wuce da miyar.

Ya kai tukunyar har tsakiyar falo ya ajiye, sannan ya fashe da kuka a gaban baƙi da abokansa. Da Goggo ta gane abin da ya faru, ta juyo kaina, ludayi a hannunta. "Wane irin mugun hali ne wannan? Kin san tsawon lokacin da yaron nan ya ɓata a kai?"

Na ce, "Taubashina ne, Goggo. Wasa ne. Ya sake bugawa mana."

Marin Mama ya same ni kafin in rufe baki. Baba bai ɗaga murya ba. Ya sa na ba ɗan Goggo haƙuri a gaban kowa, na faɗi kalmomin ina kallon kalandar bango. Da muka koma gida ya karɓi tawa na'urar ya kulle a durowarsa, ya ce sai na gama jarrabawar ƙarshen shekarar karatu. Kuncina ya kwana da zafi, amma ban tuna wata shinkafar biki da ta yi mini daɗi kamar ta ranar ba.

Ɗan Goggo kuwa bai sake bugawa ba. Ya kai kaset ɗin kasuwa ya musanya da na ƙwallon ƙafa. Ya ci gaba da zuwa darasi, amma ta ƙofar gaba yake shiga ya fita, ba ya biyowa ta wajen wanke-wanke.

Da dogon hutu ya zo Baba ya mayar mini da na'urata. Na faro daga ɗakin farko, na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na buɗe ƙofar ƙarshe. Wata Lahadi da aka yi taron matasa a cocin su Goggo, na sami ɗanta a harabar yana ɗaure igiyar takalmi. Na tsaya a kansa na ba shi labarin duk abin da ke bayan ƙofar, dalla-dalla, ban rage masa komai da zai gano da kansa ba. Ya ce shi bai damu ba. Amma bai tashi ba sai da na kai aya. Sannan aka buga ƙararrawa, na shiga na zauna a layin 'yan kwaya.