Yayyafin Kaɗanyar Iya

Wata Laraba a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku, na ja sandar kakata Iya zuwa gonarmu da ke bayan ƙauyenmu Kwandiko. Tun ina goye idonta ya rufe, ni ce 'yar jagorarta, ita kuma ba ta kirana da komai sai ƙawata. Rana tsaka ce, sama fes ba ko gajimare, amma muna shiga ƙarƙashin tsohuwar kaɗanyar da ke gonar sai na ji yayyafi tas-tas a kan ganyen gero. Na ƙanƙame zanenta, don dama yara na cewa akwai mutanen ɓoye a bishiyar. Ta yi dariya har da tari, ta ce matsoraciya, tara hannunki. Abin da ya zubo a tafina kashin tsutsa ne, baƙi, ƙanana kamar barkonon masoro.

A inuwar nan ta ba ni labarin tsutsotsin, ina korar awaki ina ji. Da ruwan fari uwarsu ke fitowa daga ƙasa, wani ƙaton faɗa-wuta mai launin busasshen ganye. Ba ya ci, ba ya sha, kwanakinsa kaɗan ne. Ya zuba ƙwai a reshe ya mutu. Tsutsotsin su cinye ganyen kaɗanyar tas, kashinsu ya zama takin gero, sannan su gangaro su nutse a gindinta, su kwana a can duk rani. Bishiyar kuma ta sake toho. Iya ta rasa ganin gonar da aka kawo ta tana amarya, wannan yayyafin ne kawai ya rage mata a ciki, kuma duk shekara sai an kai ta ta saurara. Takan ce, "A bar garma nesa da gindin, akwai masu barci."

Kawu Sale, ƙanen babanmu, shi ya karɓi gonar da rani ya zagayo. Ba mugu ba ne, ganin bishiyar tsirara ne ya sa ya ɗauka cuta ce ke cin ta. Ya sa shanun huɗa har gindi, na ga zalɓe da kaji suna tsince masu barcin daga cikin kunya, jajaye-jajaye, suna ɗan motsi. 'Yan kaɗan ɗin da suka tsira suka fito suka zuba ƙwai a reshe, ya bi tsutsotsinsu da famfon feshin wake. Ba wanda ya iya faɗa wa Iya.

Da damina ta kai tsakiya ta ce in kai ta. Muka zauna a kan saiwa, shiru sai kukan kurciya. Ta karkata kai tana jira, fuskarta kamar ta mai sauraron sallamar baƙo. Tausayi ya cika ni, na lallaɓa baya, na ɗebi yashi na riƙa watsawa a hankali kan ganyen gero. Ta bar ni na daɗe ina yi, har na fara murna. Sannan ta miƙo hannu ta laluɓo nawa, ta kakkaɓe min yashin.

"Bari haka, ƙawata. Na gode. Mu je gida."

Ba ta ƙara cewa a kai ta gona ba, kuma kafin a yanke gero Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu ina aure a Birnin Kudu, gonar tana hannun 'ya'yan Kawu. Kaɗanyar na nan shar da ganye duk damina, masu wucewa har yaba kyanta suke yi. Ni kam ba na iya zama a ƙarƙashinta, shirun yana tsorata ni fiye da yadda yayyafin ya taɓa yi. Har gobe in na ji ɗigon farko a kan kwanon ɗakina, sai na leƙa waje ina fatan in tarar babu hadari.