Kan Maciji na Bakwai

Har yau ban manta da ranar da masinjan Di'o ya shigo maƙerarmu a Kontagora da akwati a ka ba. Daminar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama ce. Ni ne maƙerin fari na En'e, wato mai aikin tagulla.

Gunki ne a akwatin: mutum zaune bisa naɗin maciji, idonsa a lumshe, macijin ya fasa kawuna a samansa. Bakwai ne, ɗaya ya karye ya ɓace a hanya. Di'o ya ce daga Kambodiya ya samo shi, can gaba da Bama. Ni ba bauta aka ce in yi ba, gyara ne.

Wakilin Ayyuka, shugabanmu, ya ce, "Audu, in ba ka iyawa, faɗi. Akwai mutumin Bida da ke jiran gurbinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana goma."

Ga yadda ake yi: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Na yi kan kumurci irin wanda na sani, ya sunkuyo zai sari mutumin. A ganina maciji maciji ne.

Di'o ya duba, ya ce, "Ba shi ba ne." Bai ƙara ba. Saura kwana huɗu.

Na tasa abin a gaba, sai Baba Maikasuwa, dattijo mutumin Dukku mai kawo mana gawayi, ya leƙo.

"Maƙeri, wannan ba sara ya zo yi ba. Dubi mutumin, ko gezau. Haka mai tsoro ke zama? A garinmu akwai macijin da ke kwana ƙarƙashin rumbu, ba a taɓa shi. Gadi yake."

Na sake kallo. Kawuna shidan duk waje suke duba, sun yi wa mutumin laima. Nawa kaɗai ya juyo masa.

Na cire shi na mayar wuta. Zubi na biyu ya tsage. Na sake murza kaki. Na uku ya fito ranar ta goma da la'asar.

Di'o ya shafa shi, ya ce, "Yawwa. Mutanen can sun ce ruwan sama aka yi ta yi, macijin ya rufe malaminsu."

Mutumin Bida bai zo ba. Wakili ya karɓi yabo, Baba ya koma ɗaukar buhunsa. Haka aiki yake.

Ku da kuka shigo bayanmu, kada ku hura wuta sai kun san me abin da ke gabanku yake yi. In kun rasa, ku tambayi mai kawo gawayi.