Haƙoran Basiru Biyu Suna Cikin Yashi

Wai ku masu zamiya a kan yashi, wa ya ce muku da jallabiya ake yi?

Ranar Juma'a da la'asar muka fita bayan gari da ɗan kawuna Basiru da abokansa na unguwar Jarwal. Ya hau allon zamiya a saman tudu, jallabiya ta hana shi buɗe ƙafa. Sai ya tattaro ta ya ciji bakinta da haƙori, yadda muke yi in za mu buga ƙwallo.

Na ce, "Ya shek, sa wando da hular kwano. Na karanta, sai an faɗi ake iyawa."

Ya zare rigar daga baki ya ce, "Halas, ya isa haka, Malam Na-karanta. Yashi ne, ba kwalta ba."

Ya sake cije ta ya sulala ƙasa. A tsakiyar gangara gwiwarsa ta fizgi rigar, haƙoransa biyu na gaba suka bi ta. Har yau da cokali yake shan shayi.

Na ji za ku koma wannan Juma'ar. Ɗayanku ya fito nan gabanmu, ba ta waya ba, ya faɗa wa iyayenku me zai sa a jikinsa.