Ranar da Manhajata Ta Tsallake Layi a Anacha

Jama'a, wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba! Manhajar nan da na dame ku da zancenta, ta kiran keke napep ta waya, saura ƙiris a binne min ita a Anacha.

Mun tashi da asuba daga Fatakwal, ni da wani abokina mai tuƙa keke wanda ya san 'yan ƙungiyar masu keke a Anacha da Inugu. Kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ce mai ne, ba mu ja ba. Ni dai na kasa zama, kwamfuta a cinya, ina buɗewa ina rufewa. Ga wanda bai sani ba, ba ni da saba tawa, wato babbar kwamfutar da manhaja ke zama a kai. Shirin a gajimare yake, wato kwamfutocin haya na intanet. Gutsi-gutsi na rubuta shi, kowane gutsure barci yake, sai fasinja ya danna "kira keke" ya farka, ya nemo direban da ya fi kusa, ya koma barci. Abokina ya ce ashe ƙanensa sarkin barci na gina.

Hanyar Owerri duk kwakwar manja ce da shingaye, ruwa yana zuwa yana ɗaukewa. Muna shiga Upper Iweka a Anacha gosulo ya riƙe mu, tireloli da manyan bas masu tafiya arewa sun cushe ko'ina. Muka sauka muka taka zuwa wajen Kasuwar Relief, inda 'yan'uwanmu masu albasa suke. Nan na ci tuwon da ya fi na gidanmu yaji, ina ci ina duba caji.

Ciyaman ɗin masu keke dattijo ne Basakkwace, ya daɗe a garin har Inyamuranci yake ji. Gaisuwa kawai ta kusa kashe ni: ya hanya, ya iyali, ya ruwa. Daga ƙarshe ya ce a gwada. Direbobi suka buɗe shafin, muka roƙi wata mata mai sayen albasa ta danna.

Waya ta yi ƙara a aljihun wanda ya shigo yanzun nan, na can ƙarshen layi, don shi ne daidai ƙofar kasuwa. Ya tada keke yana murmushi. Na gaba, wanda tun safe yake jira, ya taso ya zare masa makulli.

"Kai, a gabana? Yaushe ka zo?"

"Waya ce ta kira ni!"

"To wayar ta zo ta karɓi makullin!"

Matar ta ce, "Abeg, who dey carry me?" wato wa zai ɗauke ta, ta ɗauki buhunta ta hau okada.

Ciyaman ya raba su, sannan ya juyo. "Yaro, nan ba da kusa ake ɗaukar fasinja ba, da layi ne. Gobe Inugu za ka ko? Ciyaman ɗin can aminina ne. In ya ce min an yi faɗa, ko a Fatakwal ba keken da zai ƙara buɗe abin nan."

Na ce, "In sha Allahu, Baba." 

Masaukinmu ba wuta, don haka a bas ɗin Inugu na yi aikin da safe, gwiwata manne da buhun garin wani. Alherin gini gutsi-gutsi ke nan: gutsure ɗaya na cire, mai auna nisa, na rubuta mai bin layi. Wanda ya dawo tasha ya danna "na shigo", ya bi baya. Tura gyaran zuwa gajimare ne ya zama bala'i. Netwok ya kawo, mu faɗa rami, ya ɗauke. Sai da muka tsaya 9th Mile sayen okpa, alalen gurjiyar nan tasu, sannan gyaran ya shiga. Na yi ihu, mai okpa ta zaci zafi ne ya ƙona ni.

Inugu garin tuddai ne, a natse, ba kamar Anacha ba. Muka gwada, wayar na gaba ta yi ƙara, ya ɗauki fasinja ba faɗa. Har na fara washe baki, sai ciyaman ɗin can ya ce, "Wanda ya tafi sallah fa? Mu nan kekensa ke riƙe masa wuri."

Ban taɓa tunaninta ba. A kan bencinsu na zauna na ƙara maɓallin "na tafi masallaci". Wani ya ce yanzu mutuminsa zai wuni a masallaci. Bayan azahar wanda ya tafi ya dawo ya tarar da wurinsa. Ciyaman ya kira na Anacha a gabana ya ce, "Alhaji, yaron nan yana jin magana."

Washegari muka biyo ta Aba muka dawo Fatakwal, ni da ciwon baya. Watanni na yi ina koyon gajimare a waya, ban taɓa zama wuni ɗaya a tasha na ga yadda ake tashi ba, alhali tana bakin layinmu. Ku masu keke da okada, ya ake bin layi a tasharku? Wanda taya ta fashe masa, ana ajiye masa wuri ko baya zai koma? Ku faɗa min tun kafin a sake zare wa wani makulli saboda ni.