Kunnuwan Gwaggo

Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a gidan waya. Da ya yi ritaya, maimakon ya miƙe ƙafa ya huta kamar kowa, sai ya shiga bin sawun sojojin yankinsu da suka je yaƙin duniya. Gida-gida yake bi da rakoda, yana ɗaukar labari daga bakin 'ya'ya da jikoki, yana roƙon hoto ko tsohuwar hular da asu ya cinye rabi. Komai ya samo sai ya adana a kwali, shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Mai Kwali. Matarsa ta rantse ranar da kwalayen suka iso bakin gadonta, ko ita ko su, wani zai kwana waje. Sun iso tun bara, kuma har yau kowa a ɗaki yake kwana.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato Gwaggo, tsohuwar maƙwabciyarsu mai ɗinkin hannu. Tun tana cikin mahaifiyarta aka tafi da ubanta yaƙi, bai dawo ba, ko hotonsa ba ta taɓa gani ba. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani. Mai Kwali yana da hoton sojojin yankin su arba'in, amma magatakardan da ya rubuta bayansa, Allah ya yafe masa, lambobi kawai ya jera sahu-sahu, babu suna ko ɗaya. Shekara shida yana neman wanne ne ubanta a cikinsu, yana tsoron kada idon ya riga shi.

Wata safiya ya leƙa gaishe ta, ta miƙo masa allura da zare.

"Ɗan nan, sa mini. Ramin nan kullum ƙara tsukewa yake."

Yana fama da zaren, ita kuma tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa: "Tu-fo-sikis-nayin-wan, yi barci, tu-fo-sikis-nayin-wan."

"Gwaggo, wannan kuma wane yare ne?"

"Oho! Da ita Inna take lallashina. Shirme ne na raino, ba ta da ma'ana."

Wanda ya shekara talatin yana karanta lambar akwatin gidan waya ba ya jin lamba ta wuce shi. Ya sake maimaitawa a hankali, sai allurar ta suɓuce masa. Ƙirga ce da Turanci: biyu, huɗu, shida, tara, ɗaya. Ashe sojan ya koya wa matarsa lambarsa kafin ya tafi, ita kuma don kada ta manta ta mayar da ita waƙa.

Ya kwasa a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Lafiya, Malam? Gobara ake?" in ji matarsa.

"Kwali na bakwai! Matsa mini!"

Ya juya hoton, ya bi lambobin da yatsa. Sahu na uku, mutum na biyar. Ya ɗauki hoton da gilashinsa mai ƙara girman rubutu ya koma gidan Gwaggo, matar na biye da shi riƙe da ɗaya takalmin.

Aka fito da Gwaggo inda rana take. Ta kanga gilashin a idonta mai sauƙi, ta yi ta duban hoton, har Mai Kwali ya fara tsoron ko ya makara. Wani saurayi ne siriri, hula ta karkace, kunnuwa fato-fato kamar marfin tukunya.

Gwaggo ta kai hannu ta taɓa nata kunnen, wanda aka yi shekara tamanin ana tsokanarta da shi. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Baba," ta ce, "ashe kai ka yi mini wannan aika-aikar!"