Yatsan Gwaggo a Hannuna

Mun tashi daga Kano da asubar Juma'a, ni da wani abokina, tunda ranar zaɓe ba a barin motoci su hau hanya. Ƙuri'ata tana ƙauyenmu, gaba da Daura ta hanyar Mai'adua.

Hanya ba laifi, sai dai kuɗin mota ya ɗaga, kowa ya nufi gida. A Kazaure muka karya da ƙosai mai zafi. Fastocin 'yan takarar gwamna kuwa ba su bar ko jikin kuka ba. A Daura ma na ga akuya tana cin fastar ɗan takararmu hankali kwance. Abokina ya yi dariya har da ƙwalla, don shi ɗan ɗaya ɓangaren ne.

Daga Daura muka hau babur zuwa gidan Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar innata. Idonta ya tafi tun bara. Ta shafa fuskata, ta ce na rame, ta sa aka tuƙa tuwon gero da miyar kuka.

Washegari na riƙe mata sanda har rumfar zaɓe a makarantar firamare. Layin mata ya dare, aka ba ta wuri. Malamin zaɓe ya ce ta zaɓi wanda zai taimaka mata, ta ce ni.

Da muka keɓe, sai ta raɗa min sunan wanda take so. Ba nawa ba ne. Wanda na yi wata da watanni ina suka ne a majalisa.

Ga takarda a gabana, yatsanta a hannuna, da tawada a jiki. Ba mai ganinmu.

"Na san ba naka ba ne, ɗan nan," ta ce. "Amma ba ni da wani idon sai naka."

Na kai yatsan inda ta ce, na dangwala. Ba ta ko tambaye ni ba, sai cewa ta yi mu je, rana ta yi.

Ranar Lahadi muka juyo Kano, ana ta gardamar sakamako a mota. Na tafi ina ganin ƙuri'a makami ne na kayar da abokin hamayya. Na dawo na san amana ce, kuma mafi nauyinta ita ce wadda ba mai duba ka a kai.