Sunan Ɗan Fari

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya, akwai ranar da har gobe ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da muka je duba wata tsohuwa a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta. Ku masu koyon jinya, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don na lura ku yaran yanzu ko wa'azi ake yi sai kun latsa.

Shekarun fari ne. Damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ko iri ba a mayar ba. Ni kuwa ina ƙaramar ma'aikaciyar jinya, ban daɗe da fitowa daga makaranta ba. Sai aka turo mana wani likitan ƙwaƙwalwa daga birni, zai yi bincike kan ruɗewar tsufa a ƙauyuka, a san yadda take kama mutanenmu da yadda iyali ke fama da ita. Sista, wato babbar da ke kanmu, ta ce ni zan riƙa bin sa, wai don bakina ba ya gajiya. Na so in yi musu, amma a zamaninmu ba a yi wa Sista musu.

Dakta mutumin Kudu ne, dogo, mai haƙurin tsiya. Hausarsa ta sayen albasa a kasuwa ce, saboda haka ni ce bakinsa, ni ce kunnensa. In mun isa gari sai mu fara gaida mai gari, mu yi bayani, a sanar cewa ba dole. Sannan mu bi gida-gida. Za a auna jinin tsoho, a haska masa ido da tocila, a ƙwanƙwasa gwiwarsa da 'yar gudumar roba, a sa shi ya taka a gani. Daga nan sai tambayoyi: wace rana kasuwa ke ci, wane wata muke ciki, su wane ne waɗannan da ke tsakar gida. Ni ke tambaya, in fassara, shi ya rubuta.

A zauren gidan da nake ba ku labari muka tarar da mai gidan, Malam Isyaku, magidanci da furfura ta fara fito masa. Ga wani buhu a gefe an ɗaure bakinsa tamau. Bayan gaisuwa ya rage murya ya ce, "Malama, don Allah ku duba min tsohuwata da kyau. Jibi nake so in bi motar 'yan cin rani. Rumbu ya kai ƙasa, in ban tafi ba ban san abin da za mu ci kafin ruwa ya sauka ba. Amma mai ɗakina ta ɗaga min hankali, wai Inna ba daidai take ba, wai ba za ta iya da ita ita kaɗai ba. Ni dai ban ga komai ba. In kun ce lafiyarta ƙalau, sai in tafi hankalina kwance."

Muna shiga, matar tasa, Talatu, ta ja ni bayan rumbu, idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce, "Wallahi ba ƙarar suruka nake kawowa ba. Matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Amma Inna ta canja. Rannan ta fita har bakin rijiya ba mayafi. Mai tallan ƙosai ta shigo, ta sa hannu ta ɗiba ta ci, ko tambaya babu. Gidan makoki muka je, ana kuka, ita ta tuntsire da dariya. Matar da ko ruwa ba ta sha a gaban mutane! In na gaya masa sai ya ce yunwa ce da tsufa, har fushi ya yi da ni ya ƙi cin tuwona."

Na ba ta haƙuri, na ce bari mu gani.

Inna Dije tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki tana saƙar faifai. 'Yar siririyar tsohuwa, idonta tar. Tana ganinmu ta ce, "Ke 'yar nan, wannan dogon mijinki ne?" Na ce, "Haba Inna, ina zan kai wannan, ɗakina ma ba zai shiga ba." Ta yi dariya har da tafa hannu. Aka auna jini, lafiya. Gwiwa ta amsa guduma. Ta tashi ta taka tsaf kamar budurwa. Ranar kasuwa ta faɗa, wata ta faɗa, har ta ƙara min da cewa mudun gero ya fi ƙarfin talaka. Dakta ya ce min da Turanci shi dai bai ga mantuwa a nan ba. Na ga Malam Isyaku yana kallon fuskokinmu, ya fara sakin jiki.

Saura tambayar ƙarshe, ta mutanen gida. Na nuna Talatu, ta ce, "Talatu ce, uwar yaran nan." Sai na nuna Malam Isyaku, wanda ke tsugune can nesa da tabarmar.

To, a nan sai in tsaya, don wasunku a birni kuka tashi. Macen wancan zamani ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta wasa da shi, ba ta kallon sa ido cikin ido, sau da yawa ma ana yaye shi za a miƙa wa kaka. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "yaron nan", ko da ya yi jikoki. Duk gidajen da muka shiga, in na zo kan ɗan fari sai tsohuwa ta kau da kai ta ce, "Ke dai kin cika tambaya." Ni kuma in ce wa Dakta ta gane shi, mu wuce. Abin da nake jira ke nan.

Sai Inna Dije ta ajiye faifan, ta dube shi sosai, ta ce, "Wannan? Ai Isyaku ne. Isyakuna, ɗana na fari. Zo nan, Isyaku, ka rame."

Ya matso da gwiwa kamar wanda ake ja da igiya, kansa a ƙasa. Ta kama hannunsa ta riƙe a cinyarta. Ta ce, "Ranar da aka yaye ka aka kai ka ɗakin kakarka, ina jin kukanka ta danga, na cusa bakin zane a bakina don kada a ji nawa. In na dama fura, mai kaurin nake aika maka, in ce a ce maka ta kaka ce. Ba ka sani ba ko?"

Dakta ya ji suna ya fito daidai, ya yi murmushi, ya ce "Madalla" da 'yar Hausarsa, ya rubuta. Talatu kuwa ta dafe baki tana salati a hankali. Malam Isyaku ya zare hannunsa sannu a hankali, ya tashi ya fice zaure.

Dakta ya dube ni, ya ce me ya faru, wani abu ya faɗa ba daidai ba? Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari, na haɗa masa da abin da Talatu ta gaya min a bayan rumbu. Ya ajiye biro. Ya sa na sake kiran Talatu, ya yi mata tambayoyi dalla-dalla: yaushe abin ya fara, yana ƙaruwa ne, da can haka halinta yake? Sannan ya dafa goshinsa ya ce min, akwai irin ciwon da ke farawa daga gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, wurin da ke riƙe wa mutum linzami ya hana shi yin abin da bai kamata ba. Irin wannan ba ya fara taɓa tunani, hali yake fara canjawa, shi ya sa ta cinye tambayoyinmu. Ya ce alamun sun yi kama da shi ƙwarai, ba shi da magani, kuma gaba zai yi ta yi. Za ta buƙaci mai ƙarfi a kusa da ita.

Na ce, "To Dakta, wa zai gaya wa Malam Isyaku?" Ya ce tare za mu je, amma bakin nawa ne. Ranar na yi da-na-sanin wannan baki da Sista ke yabo.

Muka same shi zaune a kan buhun nan nasa. Na tsuguna na gaya masa komai, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce matarsa gaskiya ta faɗa. Na zaci zai tambayi magani, ko ya tambayi abin da za su ci. Sai ya ce, "Malama, tambayar min shi. Abin da ta faɗa, na kuka da na fura, ciwon ne ke magana ko ita ce?"

Na fassara. Dakta ya yi tunani kafin ya amsa, don ba mutum ne mai faɗin abin da bai tabbatar ba. Ya ce in gaya masa, tunaninta na abin da ya wuce bai taɓu ba tukuna, mun gwada mun gani. Ciwon ba shi ya sa mata maganar ba, abin da ke hana ta faɗa kawai ya cire.

Nan fa magidanci ya rufe fuska da hannun riga ya fashe da kuka. Ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba. Da ya ɗan lafa ya ce, "Na san kunya ce, kowa ya san kunya ce. Amma Malama, yaro yaro ne. Wani lokaci sai ya ce a ransa ko dai ba a son sa ne."

Ya tashi ya kwance bakin buhun, ya ɗauka ya shiga da shi cikin gida. Ina jin sa daga zaure yana ce wa Talatu ta yafe masa.

Kada ku zaci abin ya zo da sauƙi. Rashin tafiyar nan ya ci su. Ya sayar da jakinsa, ya koma dako ranar kasuwa a Ɗanbatta, sauran ranaku ƙodago duk inda ya samu, muddin zai kwana gida. Akwai lokacin da sau ɗaya suke ɗora tukunya a wuni. Mu kuma abin da muka iya shi ne mu riƙa leƙowa, mu koya musu su ɗauke wuƙa da ashana daga kusa da ita, kada a yi mata tsawa, kada a ɗaure ta, a bar ta da saƙarta muddin hannu na iyawa.

A hankali ranar kasuwa ta ɓace mata. Ni ma ta daina gane ni, daga baya har Talatu. Amma sunan nan ya zauna a bakinta. Tun safe take kira, "Isyaku! Isyaku!" Yana alwala ne, yana gyaran danga ne, sai ka ji, "Na'am, Inna." Ba abin da za ta ce masa, jimawa kaɗan ta sake kira. Wata rana na tsokane shi na ce, "Malam Isyaku, kai ba ka gajiya da amsawa?" Ya ce, "Malama, na daɗe ina jira. Bar ta ta kira."

Tun daga wannan gida Dakta ya ƙara tambaya ɗaya a aikinmu, kuma ba tsohon ake yi wa ita ba, iyalinsa ake yi wa: me yake yi yanzu wanda da ba zai taɓa yi ba? Ita nake so ku riƙe. Marar lafiya yana iya ba ku amsa daidai alhali amsar ce alamar ciwon. In kun tambaya, ku ɗaga kai ku dubi fuskar masu jinyarsa, kuma ku saurari matar da ta ja ku gefe, don ita ke wuni da shi. Mutanenmu ba su san sunan ciwo ba, amma sun san nasu.

Inna Dije ta rasu bayan bincike ya ƙare, Dakta ya koma birni. Malam Isyaku ya tako har asibiti ya gaya min. Na yi masa ta'aziyya, na ce Allah ya ba shi ladan jinya, na tambayi mutanen gida. Ya ce kowa lafiya, an yi ruwa, gero ya yi kyau bana. Ya murza hularsa, sannan ya ce, "Gidan ne dai ya yi shiru, Malama. Ba mai kira na."